Waiwaye Adon Tafiya: Me Ake Nema a Kan Babur a Hanyar 66?

Yau ba sharhin littafi na kawo muku ba, ko da yake littafi zai shigo ciki kafin mu rabu. Wata gardama ce ta kaure a majalisarmu kwanakin baya, wadda har yau ta hana ni sakat, shi ya sa na ce bari in baje ta a nan kowa ya tofa albarkacin bakinsa.

Wani yaro ne cikinmu ya nuna mana hoton bidiyo a wayarsa. Wasu dattawan Turawa ne, gemu duk furfura, kowanne a kan ƙaton babur, sun taso daga birnin Shikago za su Kalifoniya ta wata tsohuwar hanya da ake kira Hanya mai lamba 66, tafiyar mako biyu cur. Akwai wani dattijo da muke zama da shi, tsohon direban tirela ne, shekararsa talatin yana Kano zuwa Legas kafin idanu su ajiye shi. Ya karɓi wayar ya ƙura mata ido, sannan ya miƙa wa yaron abarsa ya ce, "Kai ɗan nan, wannan ai ƙoshi ne. Mutum yana da kuɗin jirgi, awa huɗu da 'yan kai ya isa, amma ya je ya ɗare babur kamar ɗan acaɓa, rana ta gasa shi mako biyu? Ni da za a ba ni kuɗin nan ko Wudil ba za ni ba." Majalisa ta kwashe da dariya, har da ni. Sai da na koma gida na kwanta sannan na ga cewa Baba Direba rabin gaskiya ya faɗa, ya bar rabi.

Ga matsayina tun kafin mu yi nisa. Wannan tafiya ba wauta ba ce, amma tana iya zama wauta. Abin da ya raba biyun ba girman babur ba ne, ba kuma yawan kuɗin aljihu ba. Abu ɗaya ne: shin matafiyin ya san hanyar da yake takawa, ko kuwa kwalta kawai yake gani?

Bari mu fara da ita hanyar. Ranar 11 ga Nuwamba 1926 aka ba ta lambarta, wato ranar 11 ga Nuwamba 2026 ce ranar cikarta shekara 100. Tsawonta mil 2,448, kimanin kilomita 3,940, kuma ta ratsa jihohi takwas: Illinois, Missouri, Kansas, Oklahoma, Texas, New Mexico, Arizona da Kalifoniya. Jihar Kansas ɗan lasa kawai ta samu, mil 13. Da farko a Los Angeles ta tsaya, sai a 1936 aka ja ta zuwa Santa Monica a bakin tekun Fasifik. Wani ɗan kasuwa mutumin Tulsa mai suna Cyrus Avery shi ya fi kowa fafutukar ganin an shata ta, ya kuma tabbatar ta bi ta garinsu, don haka ake masa laƙabi da uban hanyar. Ba a gama shimfiɗe ta daga farko zuwa ƙarshe ba sai 1938. Kafin nan, in aka yi ruwa a wasu wuraren, sai mota ta kafe a taɓo a nemo dabbobi su ja ta.

To su wa suka fara cika ta? Ba masu yawon buɗe ido ba ne. A shekarun 1930 masifa biyu suka haɗu wa manoman tsakiyar Amurka: karayar tattalin arzikin da ta faro a 1929, da kuma fari mai tsanani da ya zo da guguwar ƙura. An nome ciyawar da ke riƙe ƙasa, ruwa ya ɗauke, iska ta zo ta kwashe gonaki ta yi sama da su. Ranar 14 ga Afrilu 1935 ƙura ta rufe rana da tsakar rana har mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Bankuna suka ƙwace gonakin da aka ci bashi a kansu, masu manyan gonaki suka sayi tarakta suka sallami masu yi musu noman haya. Fiye da mutum dubu 200 suka ɗaure katifa da tukunya a kan tsofaffin motoci suka bi wannan hanya zuwa Kalifoniya neman aikin tsinkar 'ya'yan itace. Da suka isa ma ba a yi musu lale ba. A 1936 'yan sandan Los Angeles har iyakar jiha suka je suka kafa shinge suna mayar da duk wanda ba shi da kuɗi a aljihu.

Labarin waɗannan mutane ne John Steinbeck ya rubuta a littafinsa The Grapes of Wrath a 1939, kuma a cikinsa ne hanyar ta samu sunan da ya bi ta har yau, wato uwar hanyoyi. A nan nake so 'yan'uwana marubuta su tsaya su duba. Hanyoyi nawa ne a Amurka? Ba su ƙirguwa. Me ya sa wannan ce kaɗai mutum zai taso daga Jamus ko Japan ya yi hayar babur don ya bi ta? Saboda an rubuta ta. Marubuci ya ba ta suna, a 1946 Bobby Troup ya yi mata waƙa Nat King Cole ya rera, a farkon shekarun 1960 aka yi wasan talabijin da sunanta. Injiniya ya zuba kwalta, amma alƙalami ne ya hana ta mutuwa.

Sai dai akwai wani ɓangaren labarin da masu tallan tafiyar ba su cika son a taɓo ba. Kullum kalmar da suke sayarwa ita ce 'yanci: ka hau babur, iska ta buge ka, ba mai ce maka tsaya. Tambaya ita ce, 'yancin wa? Shi kansa Nat King Cole da ya rera waƙar baƙar fata ne, kuma a shekarar da ya rera ta akwai masaukai da gidajen abinci birjik a kan hanyar da ba za su karɓe shi ba. Akwai garuruwan da dokarsu ita ce kada rana ta faɗi baƙin mutum yana cikinsu. Marubuciya Candacy Taylor, wadda ta bi diddigin wannan tarihi, ta nuna cewa a 1930 kusan rabin gundumomin da hanyar ta ratsa irin waɗannan wurare ne. Shi ya sa wani ma'aikacin gidan waya a New York mai suna Victor Hugo Green ya fara buga wani ɗan littafi a 1936, wanda aka fi sani da Green Book, yana lissafa wa baƙaƙen matafiya inda za su sha mai, inda za su ci abinci da inda za su kwana ba tare da wulaƙanci ba. An ci gaba da buga shi har bayan dokar 'yancin jama'a ta 1964. A kusa da garin Luther na Oklahoma har yanzu ginin gidan man iyalan Threatt yana nan, ɗaya daga cikin 'yan wuraren da baƙar fata ke tsayawa hankali kwance. Ita kuwa Tulsa, garin uban hanyar, a nan ne a 1921 aka ƙone unguwar Greenwood ta baƙaƙen fata ƙurmus, shekara biyar kacal kafin a ba hanyar lamba.

Ko a cikin masu babur ɗin ma akwai wadda ta ɗanɗana wannan. Bessie Stringfield baƙar mace ce da ta riƙa ratsa Amurka ita kaɗai a kan babur a shekarun 1930 da 1940. In aka hana ta ɗaki, sai ta nemi gidan baƙaƙen fata su sauke ta, in ba ta samu ba ta kwana a kan babur ɗinta a gidan mai. Wannan ita ce ta san farashin 'yancin da ake tallatawa a yau.

Kafin su duka kuma akwai masu ƙasa. Hanyar ta ratsa yankunan ƙabilu fiye da 20 na 'yan asalin Amurka, waɗanda Turawa suka tarar: Cherokee a Oklahoma, waɗanda aka koro kakanninsu daga gabas da ƙafa a 1838, da Laguna da Acoma a New Mexico, da Navajo, da Hualapai a Arizona. Shekara da shekaru ana sayar da hotunansu da hulunan gashin tsuntsu a bakin hanya don jan masu wucewa, sau da yawa ma kayan wata ƙabila ake jingina wa wata.

Ka ga ke nan, mai karatu, wanda ya hau babur ya wuce duk wannan bai sani ba, ya tsaya kawai ya ɗauki hoto a gaban motoci goma ƙirar Cadillac da aka kafa da ka a ƙasa kusa da Amarillo tun 1974, ya sayi riga mai lamba 66 ya koma gida, to wannan Baba Direba ya gama magana a kansa. Ƙoshi ne.

Yanzu sai yadda hanyar ta mutu, don a nan darasin yake. Shugaba Eisenhower yana matashin soja a 1919 ya bi ayarin motocin soja daga Washington zuwa San Francisco, suka yi kwana 62 a hanya. A yaƙin duniya na biyu kuma ya ga manyan hanyoyin Jamus. Da ya hau mulki, a 1956 ya sa hannu a dokar gina manyan tagwayen hanyoyi masu ratsa jihohi, waɗanda ba sa shiga cikin gari, ba danja, ba mararraba. Hanyoyi biyar aka yi suka maye gurbin 66. Garin Williams na Arizona shi ne na ƙarshe da aka kewaye, a watan Oktoba 1984, sannan ranar 27 ga Yuni 1985 aka soke lambar baki ɗaya, aka cire allunan, aka share ta daga taswira.

Adalci ya sa in faɗi cewa sabuwar hanya alheri ce. Tsohuwar siririya ce, ga kwana-kwana, ga manyan motoci, har laƙabin mai jini aka yi mata saboda yawan haɗari. Ba mai hankalin da zai ce a koma. Amma kowane sauri akwai wanda ke biyan kuɗinsa. Hanyar 66 ta tsakiyar gari take bi, ita ce babban titin kowane ƙauye, don haka mai gidan mai, da mai faci, da mai abinci, da mai masauki duk a kanta suke ci. Ranar da aka buɗe sabuwar hanya, kamar an rufe famfo. Je ka Glenrio a iyakar Texas da New Mexico ka gani: gine-gine a tsaye, ƙofofi a buɗe, ciyawa ta fasa kwalta, ga ƙarar motoci kana ji daga sabuwar hanya amma ba mai juyowa. Garin Amboy da ke hamadar Mojave kuwa lalacewarsa ta kai a 2005 wani ɗan kasuwa mai suna Albert Okura ya saye shi sukutum.

Haka ta faru da wani ƙaramin gari mai suna Seligman a Arizona, ranar 22 ga Satumba 1978. Akwai wani mai aski a garin, Angel Delgadillo, wanda a bakin wannan hanya aka haife shi a 1927, yana yaro ya ga wucewar masu gudun ƙura da idonsa. Kusan shekara goma yana kallon garinsu yana bushewa. A watan Fabrairu 1987 ya tara 'yan mutane ƙalilan suka kafa ƙungiya, suka dami hukumomin jiha da takardu da zirga-zirga, har a cikin wannan shekara jihar Arizona ta amince ta sanya wa wani yanki na hanyar sunan hanyar tarihi. Sauran jihohi suka bi sahu. A 1999 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar tallafa wa adana abin da ya rage. Masu fim ɗin Cars na 2006 ma sai da suka je suka zauna da shi suka ji labari daga bakinsa. Ba gwamna ba ne, ba attajiri ba, ba farfesa ba. Mai aski ne da ya ƙi yarda a share garinsu daga taswira. Yau kusan kashi 85 cikin 100 na tsohuwar hanyar ana iya bin sa, kuma kuɗin masu baburan nan da muka yi wa dariya na daga cikin abin da ke riƙe da irin su Seligman.

To me ya sa sai babur? Me ya hana mota? A nawa ganin a nan ne masu wannan tafiya suka fi mu gaskiya. Mota ɗaki ce mai taya. Ka rufe gilashi, ka kunna sanyi, ka kunna waƙa, ƙasa tana wucewa kamar a talabijin. Mai babur ba shi da wannan katanga. In ya bar Shikago ya shiga gonakin masara na Illinois, zai ji ƙanshinsu. In ya shiga filin Texas inda ba tudu ba bishiya, iska za ta riƙa turo shi gefe sai ya karkata jiki yana tafiya. A Adrian zai tarar da allon da ke cewa ya yi rabi, mil 1,139 ta kowane ɓangare, kuma bayansa da kafaɗunsa za su shaida hakan. A Flagstaff, mai tsayin kusan ƙafa 7,000, zai nemi rigar sanyi, kafin yini ɗaya kuma ya gangara Needles inda zafin bazara kan haura 45 a ma'auni. Tsakaninsu akwai hawan Sitgreaves mai murɗe-murɗe, wanda aka ce direbobin da can wasu har biyan 'yan gari suke yi su haye musu da mota, sannan ya faɗo Oatman, tsohon garin haƙar zinariya, inda jikokin jakunan mahaƙa ke yawo a tsakiyar titi ba mai korarsu.

Bugu da ƙari tankin babur ƙarami ne. Dole ka tsaya, ka sha mai, ka miƙe ƙafa, ka sha ruwa, ka yi magana da mutane. Abin da sabuwar hanya ta zo ta kashe ke nan, wato tsayawa. Babur yana tilasta wa mai shi ya yi tafiya irin ta mutanen da, waɗanda motocinsu kan tafasa a kowane hawa. Ba zai zama ɗan gudun ƙura ba, don shi da katin banki a aljihunsa, amma aƙalla rana ɗaya ce ta doke su, iska ɗaya ce ta buge su. Hausawa suka ce gani ya kori ji. Ni kuwa na ce ji a jika ya kori gani.

Na san za a ce da haɗari, kuma gaskiya ne. Alƙaluman hukumomin Amurka sun nuna cewa a tafiya mai tsawo ɗaya, mai babur ya fi na cikin mota shiga haɗarin mutuwa sama da ninki 20. Wanda zai yi wannan tafiya ba hular kwano, ko ya ratsa Mojave da tsakar rana a watan Yuli ba isasshen ruwa, ba jarumi ba ne, ganganci yake yi. Za a kuma ce da tsada, kuma yawancin abin da ake sayarwa a bakin hanyar tarkace ne na jan baƙi. Wannan ma haka ne. Amma tarkacen nan shi ke biyan kuɗin makarantar 'ya'yan wani a garin da ba shi da wata sana'a. Ban ga laifin mai kuɗi ya kai kuɗinsa ƙauye ba, maimakon ya tashi ta samansa a jirgi.

Abin da ya sa dariyarmu ta dame ni shi ne, mu ne ya kamata mu fi kowa fahimtar wannan labari. A wajenmu babur abin neman tuwo ne, shi ya sa hawansa don nishaɗi ya zame mana abin dariya, wannan na gane. Amma garin da hanya ta ɗaga sannan ta yasar, ai ba baƙon abu ba ne a gare mu. Layin dogo ya isa Ƙauran Namoda a 1929, ya isa Nguru a 1930, wato sa'o'in Hanyar 66 ne. Tambayi dattawan garuruwan nan yadda tasha take a zamanin gyaɗa da fatu, sannan ka je ka duba ta. Bambancinmu da mutanen Seligman ba wai su abinsu ya fi namu daraja ba ne. Su sun samu marubucin da ya rubuta, da mai askin da ya ƙi haƙura, da matafiyan da suka yarda su rage gudu.

Da na koma majalisa na ba Baba Direba labarin mai askin nan, bai yi dariya ba. Ya yi shiru can, sannan ya ce, "Malam, akwai wani wuri da muke tsayawa a tsohuwar hanya kafin a yi tagwaye. Wata tsohuwa ce ke tuwo a wurin, duk direban Arewa ya san ta. In ba ka da kuɗi ka ci, in ka dawo ka biya. Da aka juya hanya, ban ƙara bi ta wurin ba. Ko sallama ban je na yi mata ba." Na ce, "Baba, da za a ba ka babur yau, za ka je ka ga wurin?" Ya ce, "Da idanu na gani, wallahi da na je."

To ka ji. Abin da dattawan can masu furfura suke nema ke nan, aƙalla na kirkin cikinsu. Ba Santa Monica suke nema ba, don jirgi ya fi su sanin hanyarta. Wuraren da aka wuce ba a yi sallama ba suke komawa. Wanda ya hau da wannan niyya, ya tsaya a Luther kamar yadda zai tsaya a Amarillo, ya tambayi mutanen Hualapai labarinsu daga bakinsu, to tafiyarsa ta yi kyau, ko da bayansa zai yi wata guda yana ciwo. Wanda kuwa ya hau don a gan shi, gara ya bi shawarar Baba ya hau jirgi, ya huta ya hutar da babur.

Nan zan dasa aya. Mai ganin na yi kuskure, fili nasa ne. Sai mun sake haɗuwa.